Alhaji Mamman Shata: Rayuwarsa da Yadda Waƙarsa Ke Farkar da Tunanin Tsoho

Gabatarwa

A garin Dutse da ƙauyukan da ke kewaye da shi, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya mutum ya shiga babban gida bai tarar da wani tsoho ko tsohuwa da shekaru suka fara taɓa tunaninsu ba. Sai ka ga dattijon da a da shi ke raba gardamar iyakar gona, shi ke lissafa asalin kowa a unguwa har kaka na huɗu, yau ya kasa riƙe sunan jikan da ke kawo masa fura. Mutanenmu suna kiran wannan hali gigin tsufa, suna kuma ɗaukarsa abin da ba shi da magani sai haƙuri. Amma waɗanda suka daɗe suna jinyar irin waɗannan bayin Allah sukan lura da wani abu. Ranar da aka kunna rediyo aka dace da tsohon kiɗan kalangu, sai a ga tsohon ya ɗaga kai, yatsunsa suna bugun tabarma, leɓɓansa suna bin amshi, wani lokaci har ya shiga ba da labarin wata tafiya da ya yi shekara hamsin da suka wuce. In aka saurara a ji muryar da ke fitowa daga akwatin, sau da yawa za a tarar ta Alhaji Mamman Shata ce.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bi rayuwar wannan mawaƙi tun daga Musawa inda aka haife shi har Daura inda aka binne shi, don a gane abin da ya sa muryarsa ta kafu haka a zukatan mutanen zamaninsa. Daga nan kuma sai a duba abin da ya rataya a wuyanmu, mu ɗaliban Hausa, game da tsofaffin da ke gidajenmu.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Mamman Shata, a garin Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, sunan mahaifiyarsa Lariya, kuma gidansu gidan Fulani ne. Abin lura a nan shi ne, babu kiɗa ko waƙa a gidan. A ƙasar Hausa ta wancan zamani sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya tashi a maƙera, ɗan mahauci a mahauta, ɗan makaɗi kuma ya fara da ɗaukar kayan kiɗan ubansa kafin ya kai ga yin amshi. Shata bai bi ta wannan hanya ba. Shi haye ya yi, kuma mahaifinsa bai so ba ko kaɗan, domin a ganin mutanen lokacin waƙa roƙo ce, roƙo kuwa bai kamaci ɗan gidan mutunci ba.

An sa shi makarantar allo kamar sauran yara. Da ya tasa sai ya shiga ƙananan sana'o'i, ya sayar da goro, ya kuma sayar da alewa. A wajen sayar da goron ne aka ce ya samo laƙabinsa. Yakan sayar da kayansa, sa'an nan ya rabar da abin da ya samu ga waɗanda ya gamu da su a kasuwa ko a hanya, ya komo gida hannu wofi. In an tambaye shi inda kuɗi suka shiga, sai ya nuna ya yi shata da su, watau ya watsar. Wani daga cikin danginsu ya riƙa kiransa da wannan kalma, har ta bi shi ta danne sunan yanka. Wannan hali na rashin riƙe dukiya bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Waƙa kuwa a dandali ya fara ta, inda samari da 'yan mata ke taruwa da dare. Ba don kuɗi ya fara ba, don nishaɗi ne da son nuna ƙwarewa a gaban tsara. Ba a daɗe ba ya shafe sauran masu waƙar dandalin, sunansa ya fara zagaya ƙauyukan da ke kusa. Da abin ya kai haka, sai ya ajiye tallan alewa ya rungumi abin da zai yi shekara fiye da hamsin yana yi.

Daga Bakori Zuwa Kano

Kowane mawaƙin Hausa yana bukatar ubangida, ko da kuwa ba makaɗin fada ba ne. Wanda ya fara riƙe Shata shi ne Abdullahi Inde, ɗan gidan sarautar Musawa, wanda aiki ya kai shi Bakori. Shata ya bi shi can ya zauna, a can ya yi aurensa na fari, daga can kuma ya riƙa fita da makaɗansa zuwa garuruwa, har Katsina da Kano. Ya fara shiga Kano a ƙarshen shekarun 1940.

Shekarar 1952 ita ce ta buɗe masa ƙofa. A wannan shekara, cikin zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi wani gagarumin biki da ake kira Bikin 'Yan Sarki, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da yawa a lokaci guda. Shata ya yi wasa a wurin, a gaban hakimai da attajirai da baƙi daga ko'ina, kuma daga ranar ya fita daga sahun mawaƙan karkara.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a wancan lokaci Dutse gunduma ce a ƙarƙashin masarautar Kano, haka ma Birnin Kudu da Jahun da Ringim. Duk abin da ya yi tashe a birni, fatake da 'yan cin rani da almajirai da direbobin manyan motoci sukan ɗauko shi su kawo gida. Jirgin ƙasan da ke zuwa Nguru yana bi ta Ringim yana kwasar gyaɗa, motoci kuma suna bin hanyar Wudil da Birnin Kudu zuwa gabas. Ta waɗannan hanyoyi labarin Shata ya iso wannan yanki tun kafin yawancin mutanensa su ga fuskarsa.

Funtuwa da Zamanin Rediyo

A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, Shata ya koma Funtuwa da zama. Gari ne na auduga, mai tashar jirgin ƙasa, mahaɗar hanyoyin Zariya da Sakkwato da Katsina, inda kowane irin mutum ke sauka. Ya yi kusan shekara arba'in a nan, ko da yake yana da gida a Kano da kuma Musawa. Zaman Funtuwa ya dace da halinsa, domin shi mutum ne mai son jama'a da tafiya, ba mai zama ƙofar fada guda yana jiran fitowar sarki ba.

Babban abin da ya bambanta Shata da mawaƙan da suka gabace shi shi ne zamanin da ya faɗo ciki. Mawaƙin da, komai shahararsa, sai wanda ya je inda yake wasa zai ji shi. Shata kuwa ƙarfinsa ya zo daidai da zuwan faifan garmaho da rediyo. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna, wanda muryarsa ke kaiwa har ƙasashen maƙwabta. Ƙaramar rediyo mai batir ta shiga ƙauyuka, manomi ya rataye ta a reshen itace yana noma, mai shayi ya ajiye ta kusa da tukunya, tela ya ɗora ta gefen keke. Daga baya kaset ya zo, ya zama duk mai rikoda yana iya maimaita waƙar da yake so har sai zaren ya tsinke.

Bari mu yi ɗan lissafi. Yaron da aka haifa a Garu ko Kiyawa a 1945 yana da shekara 17 lokacin da aka buɗe rediyon Kaduna. Yana da 22 lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano kuma yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Yana da 30 a 1975. Ke nan neman aurensa, da cin raninsa na fari, da haihuwar ɗansa na fari, da kekensa na fari, duk sun auku ne a shekarun da babu muryar da ta kai ta Shata yawan fitowa a rediyo. Wannan yaro shi ne tsohon da muka buɗe zance da shi.

Yadda Yake Gina Waƙa

Kayan kiɗan Shata kalangu ne. Asalin kalangu kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, ba ya cikin kayan fada irin su tambari da kotso da taushi. Ganga ce mai siririn ciki da baki biyu, an haɗa fatun da tsarkiya, makaɗi yana rataye ta a hammata yana matsawa yana sassautawa, sautin yana hawa yana sauka yadda karin harshen Hausa ke yi. Saboda haka kalangu yana iya faɗin magana, kuma wanda ya saba da shi yana gane take tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Shata ya ɗauki wannan kiɗa na talakawa ya shigar da shi gaban sarakuna da gwamnoni.

Tsarin waƙarsa mai sauƙin ganewa ne. Akwai amshi, gajere, wanda makaɗa ke maimaitawa daga farkon waƙa har ƙarshe ba ya sauyawa. Tsakanin amshi da amshi sai shi jagora ya riƙa jefa ɗiyan waƙa, wani gajere wani dogo, yadda zance ya zo masa. An san shi da ƙirƙirar waƙa nan take, a gaban jama'a, ba tare da ya zauna ya tsara ta a gida ba. Shi ya sa ko Bakandamiya, waƙar da yake yi wa kansa kirari a ciki kuma ake ɗauka uwar waƙoƙinsa, ba a taɓa rera ta sau biyu iri ɗaya ba. Gindin yana nan, amma rassa suna sauyawa bisa ga wuri da lokaci da mutanen da ke zaune.

Wannan tsari yana da amfani ga zancenmu. Amshin da ake maimaitawa sau talatin ko arba'in a waƙa guda, a kuma ji waƙar sau ɗari a rediyo, ba ya bukatar a zauna a hardace shi. Da kansa yake shiga. Ɗiyan waƙar kuwa cike suke da sunaye: sunan wanda ake wa waƙa, da ubansa, da garinsu, da abokansa, da garuruwan da mawaƙi ya ratsa kafin ya iso gare shi. Mai saurare yakan ji an ambaci garin da ya taɓa kwana, ko sana'ar da ya taɓa yi, sai waƙar ta zama kamar da shi ake.

Wa Ya Yi wa Waƙa?

Masana sukan kasa makaɗan Hausa gida-gida: makaɗan fada, da makaɗan sana'a, da makaɗan maza irin na dambe da tauri, da makaɗan jama'a. Shata yana cikin kashi na ƙarshe, kuma shi ne babbansu. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a 1966 ya kuma zama babban ubangidansa. Ya yi wa 'ya'yan sarauta da masu riƙe da muƙamai, irin su Mamman Da da Umaru Ɗan Ɗanduna. Amma bai tsaya nan ba. Ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da ma'aikata da mata masu sana'a. Ya yi waƙar noma, ya yi ta gargaɗi, ya yi ta yabon Annabi, ya yi ta dabbobi. Lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi waƙoƙin ƙarfafa soja da kiran haɗin kan ƙasa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apolo 11 waƙa, ya kawo wa mutumin ƙauye labarin cikin harshen da zai fahimta. Shi kansa bai san adadin waƙoƙin da ya yi ba.

Ba za a yi wa tarihi adalci ba in an ɓoye ɗaya gefen. Shata mutum ne mai kaifin harshe, kuma zambonsa abin tsoro ne. Wanda ya shiga tsakaninsa da shi yakan ji a jikinsa, kamar yadda waƙar Gagarabadau ta nuna. Haka kuma ya yi waƙa a kan shan giya wadda ta ɓata wa malamai da yawa rai, bai kuwa ɓoye halinsa don a yabe shi ba. Saboda haka a zamaninsa akwai gidajen da ba a kunna waƙarsa, akwai dattawan da ke tashi in an sa ta. Wannan ma abin riƙewa ne, za mu komo kansa.

Ya yi tafiye-tafiye da yawa. Ya sauke farali a Makka, ya zagaya ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa ke zaune a zango, irin su Gana, ya kuma je Ingila da Amurka.

Siyasa, Girmamawa da Rasuwa

Shata bai tsaya ga yi wa 'yan siyasa waƙa ba, shi ma ya shiga. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya, lokacin tana cikin Jihar Kaduna. A Jamhuriya ta Biyu ya fara da jam'iyyar GNPP, daga baya ya koma NPN. A Jamhuriya ta Uku ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma saɓani da manyan jam'iyyar ya sa bai ƙarasa a kan kujerar ba. Mutumin da ya saba faɗin abin da ke ransa a gaban sarki da wuya ya iya zaman biyayyar jam'iyya.

Ta fuskar ilmi kuwa, tun yana da rai jami'o'i suka san da shi. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazari a kan matsayin mawaƙin baka a cikin al'ummar Hausa da Fulani, ya kuma ɗauki Shata a matsayin misali. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar sana'arsa, wanda bai taɓa zama a ajin boko ba, ya sa rigar malanta a gaban shaihunan malamai. Bayan rasuwarsa, a 2006, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da babban littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah.

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da rashin lafiya, aka yi jinyarsa a Kano da Jidda. Allah ya yi masa rasuwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, yana da shekara 76. Aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka binne shi a can. Lokacin Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sa hedkwatarta a Dutse, ba ta cika shekara takwas ba.

Waƙa da Tunanin Tsoho

Yanzu sai mu koma ga tsohon da muka bari a kan tabarma. Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci sun nuna cewa sau da yawa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba tsufa kawai ba. Mafi yawansa shi ne wanda ake kira da sunan likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayyana shi a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da ciwon mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, kuma fiye da rabinsu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ne. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da shi ba.

Amma akwai abu biyu da bincike ya tabbatar, waɗanda suka shafi zancenmu. Na farko, masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa in aka ce wa tsoho ya tuno rayuwarsa, abin da ya fi zuwa masa shi ne abin da ya faru tsakanin shekara goma da talatin na haihuwarsa, kuma waƙoƙin da ya ji a wannan tsakani su ne suka fi kama zuciyarsa. Na biyu, a 2015 wasu masu bincike a Jamus suka wallafa sakamakon hoton ƙwaƙwalwa da ya nuna cewa sassan da ke riƙe waƙar da mutum ya daɗe da sani suna cikin waɗanda ciwon ke jinkirin lalatawa. Likitan ƙwaƙwalwa Oliver Sacks ya yi bayanin marasa lafiya irin waɗannan a littafinsa na 2007, kuma a Amurka da Ingila akwai gidajen kula da tsofaffi da ke tambayar dangi irin waƙar da tsohonsu ke so, su tara masa ita ya riƙa ji. Waƙa ba ta warkar da ciwon. Abin da take yi shi ne ta kwantar da hankali, ta rage firgita, ta kuma buɗe bakin mutum na ɗan lokaci ya yi zance da 'ya'yansa.

Sharaɗin kuwa shi ne a dace da waƙar. Ba kowace tsohuwar waƙa ke aiki ba, sai wadda ta haɗu da rayuwar shi wannan mutum. A nan ne faɗin gonar Shata ke da amfani, domin ya taɓo kusan kowane rukunin jama'a. Tsohon direba waƙar direbobi za a nema masa. Tsohon soja, ta zamanin yaƙi. Wanda ya yi zaman fada, ta sarakuna. Wanda ya yi fataucin goro zuwa kudu, a nemi wadda ke ambaton garuruwan hanya.

Haka kuma kada a ɗauka kowane tsoho na Shata ne. Wani na Musa Ɗanƙwairo ne, wani na Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, wani na Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, wani kuma Ɗan Anace ne ke tuna masa damben kaka. Tsohuwa mai yiwuwa amadar Barmani Coge ce za ta motsa ta, ko waƙar daɓe da ta niƙa da ba a taɓa ɗauka a faifai ba. Malamin da ya ƙi kiɗa tun yana saurayi, ba daidai ba ne a ɗora masa kalangu yau don ya rasa bakin hanawa. Shi Ishiriniya za a karanta masa, ko Imfirajin Aliyu Namangi, ko karatun Alƙur'ani da irin muryar da ya saba ji a tsangaya. Akwai kuma waƙar da ke tono baƙin ciki, ta tuna wa mutum matar da ta rasu ko dukiyar da ta ƙare. In an ga fuska ta sauya, ko hawaye sun wuce na daɗi, sai a kashe a sake wata.

To, yaya za a gane waƙar mutum? Hanya mafi sauƙi ita ce a tambaye shi tun yana iya faɗi. In lokacin ya wuce, a tambayi matarsa, ko ƙannensa, ko abokan da suka yi samartaka tare. A bincika sana'ar da ya yi, da garuruwan da ya zauna, da makaɗin da ya yi wasa a bikinsa. A duba cikin tsohuwar adaka ko akwai kaset. Sa'an nan a zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, a sa waƙa ɗaya a hankali ba da ƙara ba, a zauna kusa da shi a dubi fuskarsa da hannuwansa. In ya fara magana, a bar shi ya yi, kada a tsaya gyara masa shekara ko suna. Yau da waƙoƙin nan ke cikin wayar hannu, abin da ya rage wahala shi ne samun mai zama.

Kammalawa

Mamman Shata ya tashi a gidan da ba a waƙa, ya ɗauki kiɗan da ba na fada ba, ya yi zamani da rediyo, ya kuma yi wa sarki da direba waƙa da murya ɗaya. Waɗannan abubuwa su suka sa waƙarsa ta shiga cikin kwanakin ƙuruciyar mutanen da yau su ne kakanninmu a Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu.

Mu a sashen Hausa mun saba ɗaukar waƙoƙinsa mu rubuta, mu fitar da jigo da salo da zubi, kuma wannan aiki ne mai kyau. Sai dai akwai rabin nazarin da ba ya cikin faifai, yana wurin waɗanda suka ji waƙar tana sabuwa: a ina suka ji ta, da wa suke tare, me ake ciki a garin a wannan shekara. Mutanen nan suna raguwa kowace damina, wasu kuma tunaninsu yana riga su tafiya. Ɗalibin da ya je hutu ya zauna da kakansa, ya gano waƙar da yake so, ya sa masa, ya rubuta abin da ya biyo baya, ya yi aiki biyu a zama ɗaya: ya samo wa fagen nazari abin da babu shi a laburare, ya kuma sada zumunci da wanda ya fi kowa bukatarsa. Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya ba tsofaffinmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya.